TULUN MAI DA IGIYAR BASHI

Karatu: 2 Sarakuna 4:1-7

A wannan wata za mu yi magana a kan wani baƙo wanda ba a cika ambatonsa a ɗakin sujada ba, amma ko wace Lahadi yana zaune a kan benci tare da mu, watau bashi. Mutum ya kan shigo da riga wankakkiya, ya buɗe littafin waƙoƙi, ya ɗaga murya, amma zuciyarsa tana can ƙofar gida inda mai bin bashi ya ce zai komo ran Litinin. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne. Amma hanji ma idan ya murɗe ya kan kwantar da mai shi.

Muna rubuta wannan muna tunawa da masu bi na Zinyau da sauran ƙauyukan Rano da Kibiya, manoman dawa da masara da gyaɗa da waken suya. Amma malamin makaranta da tela da mai acaɓa su ma su karanta, gama igiyar ɗaya ce.

Ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta ayoyin nan bakwai da kanku. Wata mace ce, mijinta ɗaya ne daga cikin almajiran annabawa, mutum mai tsoron Allah. Ya mutu ya bar bashi. Mai bin bashin kuwa ya shirya zuwa ya ɗauke 'ya'yanta biyu maza su zama bayinsa. Ta kai kuka wurin Annabi Elisha. Annabin bai ba ta azurfa ba, bai kuwa la'anci mai bin bashin ba. Ya fara tambayarta abin da ya rage mata a gida. Ta ce ba kome sai ɗan mai a tulu. Ya umarce ta ta aro tukwane wofi da yawa wurin maƙwabta, ta shiga ɗaki da 'ya'yanta, ta rufe ƙofa, ta yi ta tsiyaya. Man bai tsaya ba sai da tukwane suka ƙare. Daga baya ya ce ta sayar, ta sallami mai bin bashi, abin da ya ragu ya zama abincinsu ita da yaran.

Mu lura da abu guda tun da fari. Mijin nan mai tsoron Allah ne, duk da haka ya mutu da bashi. Saboda haka kada wani ya ce duk mai bashi mai zunubi ne. Mun san abin da ya auko wa ƙasar nan. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Lita ta tashi daga wajen naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Kuɗin mota daga Rano zuwa Kano ya tashi, niƙa ta tashi, huɗa ta tashi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba 2024 tsadar kaya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, watau abin da aka saya naira 100 a Disamban da ya wuce ya komo kusan 135. Sa'an nan a 2025 farashin hatsi ya faɗi ƙwarai, taki kuwa bai sauko tare da shi ba. Manomin da ya ci bashin taki yana sa ran masara za ta yi tsada irin ta 2024, sai ya ga buhunan da ya ke zaton za su biya ba su kai ba. Wannan ba laifinsa ba ne. Akwai kuma ciwo, da mutuwa, da fari, da tsutsa irin wadda ta cinye tumatir a Kadawa da Kura a 2016.

Amma ba mu da iko a kan farashin fetur. Abin da mu ke da iko a kansa shi ne ƙofar rumbunmu. A nan ne za mu tsaya, ko da maganar za ta yi ɗaci.

Yaushe ne manomi ya ke cin bashi? Kowa zai ce da damina, cikin Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Mu kuwa mun ce a'a. Da damina a ke karɓar bashin, amma da kaka a ke ƙulla igiyarsa. A lokacin da hatsi ya fi araha cikin shekara duka, a lokacin ne mu ke ɗora buhuna a mota. 'Yan kasuwa su saya su kai Dawanau su ajiye. Bayan wata bakwai ko takwas mu bi sawun hatsinmu mu sayo shi tiya tiya da tsada. Idan kuɗi babu, sai mu je wurin mai hali ya ba mu buhu ɗaya da sharaɗin biyu da kaka. Ko kuwa mu bar gonarmu ciyawa tana cinta mu tafi ƙwadago gonar wani domin a sami na tuwon dare. Kaka ta zo, gonar da ba ta sami noma a kan kari ba ta ba da kaɗan, cikin kaɗan ɗin kuma rabi na mai bashi ne. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta duba zaman manoma gida gida. Abin da ta tarar ke nan: talaka ya kan rabu da hatsinsa da wuri, ya yi wa wani aiki da damina, tasa gonar ta lalace, ya ƙara talaucewa. Fiye da shekara hamsin ke nan, rijiyar ba ta sake wuri ba.

Dattawanmu suna tunawa da zamanin fam da sule, kafin naira ta fito a 1973. A lokacin da kaka a ke karɓar haraji, tilas mutum ya kai gyaɗarsa kan sikeli ko yana so ko ba ya so. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, talakawa suka yi murna. Amma ga shi mun naɗa wa kanmu wani mai karɓar haraji wanda ya fi dogarin hakimi tsanani. Sunansa Idon Mutane. Ba ya ba da takardar shaida, ba ya kuwa ƙoshi. Mu masu bi ma namu ya fi nauyi, gama bukukuwanmu duka sun taru a bakin kaka. Ga godiyar kaka, ga Kirsimati, ga Sabuwar Shekara, ga aure bisa aure cikin Disamba. Kafin a farga Janairu ta iso da kuɗin makaranta, rumbu kuwa ya riga ya sauka rabi.

To, mu koma wurin Elisha. Tambayarsa ta fari game da abin da ke cikin gida ce. Yawancinmu ba za mu iya amsa ta ba. Ka tambayi maigida nawa a ke binsa, sai ya ce, "Kai, da dama." Bai san jimla ba, domin yana tsoron ya sani. Ubangijinmu Yesu ya yi misali da mai niyyar gina hasumiya a cikin Luka 14:28, ya nuna wajibi ne mutum ya zauna ya yi lissafi kafin ya sa harsashi. Ɗan'uwa, sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare. A shafi na fari ka rubuta sunan duk wanda ke binka, da nawa, da ranar biya, da ruwan da ke kai. Kada ka tsallake mai shago, kada ka tsallake surukinka. A shafi na biyu ka rubuta abin da ka ke da shi: dami nawa, buhu nawa, akuya nawa, albashi nawa. Sa'an nan ka auna abin da gidanka ke ci. Bari mu yi misali. Gidan da a ke ɗiban tiya ɗaya ko wace rana yana bukatar tiya 365 kafin shekara ta kewayo. Idan buhunku yana cin tiya 40, buhu tara ke nan da ɗoriya, ban da iri, ban da baƙi. Waɗannan buhuna ba naka ba ne da za ka sayar. Na bakin 'ya'yanka ne. Ka ware su tun ranar da aka sussuka, ka ɗauka kamar ba su nan.

Lissafin nan kuwa ba na maigida kaɗai ba ne. Matar nan ta shiga ɗaki tare da 'ya'yanta, su ne masu miƙo mata tukwane. Mu maza muna da wani hali, mu ci bashi a ɓoye, uwargida ba ta sani ba sai ranar da aka yi sallama a zaure. Yaya za ta rage cefane alhali kuwa tana zaton akwai? Waɗansu mata kuma suna karɓar atamfa da kwanuka bashi, a riƙa biya mako mako, miji bai sani ba. Gida ɗaya, rami biyu. Ku zauna da dare bayan addu'a, littafin a tsakaninku, kowa ya faɗi nasa. Za a yi fushi, watakila a yi hawaye. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, gara a yi fushin yau da a yi shi a gaban alƙali.

Sai maganar rufe ƙofa. Ba mu ce wannan ita ce dukan ma'anar ayar ba, amma akwai darasi a ciki. Aikin fita daga bashi ba a yinsa a dandali. Wanda ya ke so ya fita sai ya rufe ƙofa tsakaninsa da idon mutane. Mu dubi aure. Ma'aurata suna bukatar alkawari a gaban Allah da shaidu, da ɗaki, da abin kwanciya, da tukunya. Sauran fa? Akwatunan lefe jere, da anko kala biyu ko uku, da rumfuna da kujerun haya, da mai kiɗan lasifika, da kalanda mai hoto, da robobin rabo, da lemon kwalba akwaku akwaku. An ci an watse cikin yini ɗaya. Amarya ta tare a gidan da aka jinginar da gonarsa domin a yi mata biki, shekararsu ta fari kuwa ta ƙare cikin faɗa a kan kuɗi. Uban amarya shi ma ya sayar da shanun huɗa ya yi kayan ɗaki, damina ta zo yana hayar na wani. Maƙwabtanmu Musulmi suna kuka da wannan ciwo kamar mu. Tsadar aure tana cikin abin da ya sa gwamnatin Kano ta aurar da ma'aurata 1,800 a watan Oktoba 2023. Mu kuwa wa ya hana mu mu sauƙaƙa wa junanmu? Ba doka a ke bukata ba. Gida biyu ko uku masu mutunci su fara yin aure mai sauƙi ba tare da kunya ba, sauran za su sami inuwar fakewa.

Kakanninmu a kan ce sun zubar da dawa da yawa cikin tukunyar giya a lokacin bukukuwa. Muna yi wa Allah godiya da ya fisshe mu daga wannan. Amma idan dawar da ba ta shiga tukunyar giya ba ta tafi wurin mai ɗinkin anko, rumbu bai san bambanci ba.

Akwai kuma ƙananan ɓeraye, waɗanda ba a jin motsinsu. Shayi da burodi a bakin titi alhali an dama koko a gida. Tsire ran kasuwa, a ci a tsaye a goge baki kafin a isa gida. Katin waya domin hira da kallon abin da ba ya ƙara kome. Tuƙa babur zuwa inda ƙafa za ta kai. Cacar ƙwallo kuwa, wadda ta shigo aljihun samarinmu ta cikin waya, ba ragewa za a yi ba, bari za a yi ɗungum. A ce mutum yana kashe naira 500 ko wace rana a kan irin waɗannan. A wata naira 15,000 ke nan, a shekara ta haura 180,000. Ka rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka har kwana talatin, kada ka bar ko goro. Kai da kanka za ka ga inda ɓeran ke shiga.

Amma a yi hankali, kada garin gyaran gira a rasa ido. Akwai abin da ba a ragewa. Ba a rage abincin yara da na mace mai ciki ko mai goyo. Ba a ƙin kai mai zazzaɓi asibiti domin tsimi, gama ciwon da aka bari ya kwana uku ya fi cin kuɗi. Ba a fitar da yarinya daga makaranta a aurar da ita domin a sami na biyan bashi. Wanda ya yi haka ya yi da hannunsa abin da matar nan ta roƙi Elisha ya hana, ya ba da ɗansa a bakin bashi. Manzo Bulus ya yi magana mai zafi cikin 1 Timoti 5:8 a kan wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa. Maigida ya fara yanka daga jikinsa tukuna, shayinsa da rigarsa ta Kirsimati, kafin ya taɓa tukunyar miya.

Yanzu ga jerin da annabin ya bayar: a sayar, a biya, sa'an nan a ci saura. Mu kuwa mun juya shi. Mu kan ci tukuna, in wani abu ya ragu mu tuna da mai bashi. Zabura 37:21 ta lissafta mai ci ba ya biya cikin mugaye, Romawa 13:8 kuma ba ta yardar mana mu zauna da wani bashi a kanmu ba sai na ƙauna. Idan kuɗi ya shigo, ka fitar da na biya tun bai kwana ba. Ka fara da bashin da ruwansa ya fi yawa, gama shi ne mai haihuwa. Naira 100,000 da a ke biya wa ruwa kashi goma cikin ɗari ko wane wata, a shekara ka ba da 120,000, uwar kuɗin kuwa tana nan ba ta motsa ba. In akwai abin da ke zaune a gida ba ya kawo kome, waya ta biyu ko akwatin kallo, gara a sayar a kashe wannan wuta. Amma gona da garma da keken ɗinki su ne tulun manka, kada ka rabu da su sai in ba sauran hanya.

Kada kuma ka haƙa sabon rami domin ka cike tsohon. Akwai masu ba da rance ta waya, cikin minti kaɗan kuɗi ya shigo, ba jingina ba shaida. In kwanaki suka cika ba ka biya ba, waɗansunsu su kan aika wa duk mutanen da ke cikin wayarka saƙon cin mutunci, har fastonka. Abin ya yi yawa har hukumar kare masu saye ta tarayya ta kai wa waɗansunsu samame a Legas a 2022. Akwai kuma masu cewa kawo kuɗinka a ninka maka. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, CBEX ta yi haka a Afrilu 2025, cikin waɗanda suka yi kuka kuwa har da masu zuwa sujada da suka ci bashi suka zuba. Adashi tsakanin mutanen da suka san juna ya fi waɗannan duka, in an riƙe amana. Hatsin da ka hana kanka sayarwa da kaka shi ma asusu ne. Wake ma, wanda dā a ke gaggawar rabuwa da shi domin tsoron ƙwari, yana iya daɗewa lafiya cikin buhun nan mai leda biyu a ciki da a ke kira PICS, ba tare da an zuba magani ba, in dai ya bushe sarai an kuwa ɗaure bakin da kyau.

In ba ka iya biya a ranar da ka yi alkawari ba, kada ka sake hanya in ka hango mai binka. Je ka same shi tun ranar ba ta zo ba. Ka ce, "Ga abin da na samu, ga kuma ranar da zan kawo saura." Yawancin masu bin bashi ba jinkiri ne ke ɓata musu rai ba, ɓuya ce da ƙarya. A ƙauyukanmu, inda mu ke zaune katanga ɗaya da waɗanda ba su bin bangaskiyarmu, Kiristan da ya ci kuɗin mai shago ya riƙa zagayawa ta bayan gari ya rushe wa'azin mai bishara na shekara guda.

Saura magana biyu, ba kuwa ga masu bashi ba. Ta fari ga masu hali na cikin ekklesiya. Ku karanta Nehemiya sura 5. A can mutanen Urushalima sun jinginar da gonakinsu da gidajensu domin hatsi a lokacin yunwa, waɗanda suka karɓe kuwa 'yan'uwansu ne Yahudawa. Nehemiya ya tara taro ya tsauta wa manya a fili, har suka yi alkawarin mayarwa. Ɗan'uwa, idan kai ne mai ba da buhu ɗaya a Agusta ka karɓi biyu a Nuwamba, sa'an nan ka kawo zakka daga ciki, ka tambayi kanka ko hatsin wa ka ɗora a gaban bagade. Dokar Musa ta hana a karɓi dutsen niƙa jingina, domin da shi gida ke ci. Gonar gwauruwa fa?

Ta biyu ga mu shugabanni, fastoci da dattawa da shugabannin zumuntar mata da na matasa. Mu ma muna da hannu. Ko wane taro da sabon zanensa, ko wace ƙungiya da kuɗin da ta yanka wa 'ya'yanta. Mu kan kira sunaye da lasifika a ranar neman gudummawa, har mutum ya yi alkawarin abin da ba shi da shi domin kada a ga gazawarsa, ya fita ya ranto. Mace ta kan ƙi zuwa zumunta domin ba ta da zanen bana. Baiko na Allah ne, ba mu ce a daina ba, amma Bulus ya koya cikin 2 Korantiyawa 8:12 cewa gwargwadon abin da mutum ya ke da shi a ke karɓa. Zane ɗaya ya isa shekara uku.

Akwai kuma waɗanda ko sun rage har sun kai ƙashi bashinsu ba zai biyu ba, kamar matar da mijinta ya daɗe a asibiti ya rasu ya bar ta da yara. Matar da ta je wurin Elisha maƙwabta ne suka ba ta tukwane. Muna roƙon dattawan ko wace ekklesiya a Zinyau da Rurum da Saji da Tarai da kewaye su zauna kafin a fara sussuka, su ware waɗansu buhuna daga hatsin godiyar kaka, kada a sayar da su. A ajiye su a hannun mutum biyu amintattu, a rubuta a littafi, har watan Agusta. Wanda ya karɓi tiya goma ya mayar da tiya goma.